Juma'o'in da Suka Bushe a Littafin Baba

Ranar Lahadi ce, ranar da Misrawa ke fara makon aiki, Dakta ta aiko a kira ni ofishinta. Ita ce ke duba aikina na digiri na biyu a sashen nazarin yanayi. Dattijuwa ce gajeriya mai saurin magana, kuma duk wanda ya zauna ƙarƙashinta ya san ba ta kiran mutum don ta yaba masa.

Ko zama ban gama yi ba ta juyo min da fuskar kwamfutarta.

"Ya binti," in ji ta, wato 'yata, "a dutsenku ruwan sama ma masallaci yake tafiya ranar Juma'a?"

Na yi dariya don na zaci wasa take yi. Ba ta taya ni ba. Ashe alƙaluman ruwan saman ƙauyenmu da na shigar ta ɗauka ta jera su bisa ranakun mako, abin da ni ban taɓa tunanin yi ba. A shekarun farko babu abin cewa, Litinin da Juma'a duk ɗaya suke jiƙa. Daga wata shekara sai Juma'a ta bushe ƙarƙaf, ko ɗigo babu, Asabar kuma ta kumbura ta kusa ninka sauran ranaku. Haka abin ya tafi har ƙarshe.

"Hadari bai san kalanda ba," ta ce. "Ko dai mai awon nan ya daina fita, yana cike takarda daga cikin ɗaki, ko kuma akwai abin da ba a faɗa min ba. Jibi Talata muna da taro da sauran. In babu bayani zan cire tashar awon ƙauyenku daga aikin gaba ɗaya. Ma'alish, sai haƙuri."

Mai awon nan mahaifina ne, kuma ta sani sarai.

Bari in faɗi yadda aka yi ruwan ƙauyenmu ya zo Alƙahira, garin da mutum zai shekara bai buɗe lema ba. Maigidana na biyo, shi yana karatun hadisi a tsohuwar jami'ar da ke unguwar Darrasa. Muka kama gida a hawa na biyar a unguwar Hay el-Sabi'. Wata shida na yi ina kallon shanyar maƙwabta ta taga, na ji in ban samu abin yi ba zan fara magana da bango, sai na ɗauko takarduna na labarin ƙasa na nemi shiga jami'a. A nan na tarar Dakta tana jan ragamar wani aikin haɗin gwiwa kan ruwan saman tsaunuka. Akwai masu duwatsun Sina, akwai na Habasha, akwai na Jabal Marra a Sudan, kowa yana zuba abin da ya tara cikin jadawali ɗaya. Dalilin aikin shi ne tauraron ɗan'adam yana ganin saman gajimare, amma bai san abin da ya sauka a kwari da abin da ya tsaya a gangare ba, sai an gyara masa lissafi da awon mutanen ƙasa. Wuraren da awonsu ya daɗe kuma ya inganta, nan ake shirin kafa na'urori masu auna kansu nan gaba. Daga yammacin Afirka ba su da komai na kan dutse. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba, na ɗaga hannu na ce ai babana yana da awon kusan shekara talatin.

Baba tela ne a wani ƙauye can saman tsaunin Mambila, inda gajimare ke shigowa tsakar gida ya jiƙa wa mutum shanya. Firamare ya gama. Tun kafin a haife ni wani malamin gona ya kafa masa gwangwanin awon ruwa a bayan gida, da mazurari da gilashin awo, ya ce ya riƙa dubawa ƙarfe tara na kowace safiya yana rubutawa, za a zo a karɓa. An zo sau biyu ko uku, daga nan aikin gonar ya mutu, malamin ya yi gaba. Baba bai daina ba. Ya ce ba wanda ya zo ya ce masa a daina. Littattafan 'yan makaranta yake saye yana ja musu layi da kansa, mutanen gari suna yi masa tsiya wai yana yi wa Allah ƙidayar ruwa.

Da na je hutu na gaya masa ana son littattafan a Masar, sai ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari na tarar ya ɗinka musu jaka da yadin katifa, ya naɗe su cikin leda ninki uku. Daga ranar kuma babu wanda ya zo ɗinki bai ji cewa ruwan garin nan ya tafi Masar malamai suna karantawa ba. Masu yi masa tsiya suka fara gaishe shi da Malam.

Wannan ne Dakta take cewa za ta cire jibi.

Kafin in fita na sake duban fuskar kwamfutar, na nemi shekarar da Juma'a ta fara bushewa. Shekarar da Inna ta rasu ce. Na ce wa Dakta tamam, wato to, na fito.

Ranar nan mikrobas biyu, ƙananan motocin haya, na hau ba daidai ba. Ta farko ta nufi wata unguwa da ban sani ba, na sauka, na tsallaka titi kamar wadda aka koro, na hau wata ita ma sai da yaron mota ya kira inda za shi na gane ba hanyata ba ce. A ƙarshe na taka da ƙafa daga babban titi zuwa gida, na haura hawa biyar ban jira lif ba. Ko mayafi ban cire ba na jawo jakar yadin katifa daga saman kabad na zube littattafan a ƙasa.

Na buɗe na shekarar. Ga rubutun Baba nan, ƙanana a jere kamar ɗinkinsa. Ranar da ba a yi ruwa ba yakan zana sifili, zagayayye, har da ɗan ɗigo a tsakiya. Amma a layin Juma'a ba sifili ba ne. Ɗan gajeren layi ne a kwance. Na buɗe wata Juma'ar, haka. Na ɗauko littafin shekara biyar bayan nan, haka. Mutumin bai taɓa cewa ba a yi ruwa ba. Cewa ya yi bai duba ba.

Ni ce na mayar da su sifili. Jadawalin haɗin gwiwar ba ya karɓar komai sai lamba, in ka bar gurbi fanko sai ya yi ja ya ƙi wucewa. Ina sauri, ina so in burge Dakta, na ce ai layi da sifili duk babu ce, na yi ta danna sifili wata uku cur ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa tela mai tsanaki irin Baba zai yi alama biyu don abu ɗaya ba. Na yi karatun jami'a, shi firamare, amma shi ya san bambancin da ni na take.

Da a nan laifina ya tsaya da da sauƙi. Ina zaune a ƙasa cikin littattafan nan sai abin da na binne shekara da shekaru ya taso.

Ƙauyenmu ba a Juma'a. Baba yakan fita bayan asuba da ƙunshin ɗinki a ka, ya yi tafiyar awa uku zuwa garin da ake salla da kasuwa, sai yamma lis ya dawo. Ƙarfe tara ba ta samunsa a gida. Inna ce ke fita. Ba ta yi boko ba, ba ta iya karanta gilashin awo ba, amma ta samo dabara. Takan juye ruwan gwangwanin cikin wata koriyar kwalba, ta toshe bakin da totuwar masara, ta ajiye bayan ƙofa, ta mayar da gwangwanin wurinsa fanko. Lokaci kuma da inuwar rumbu take gane shi, in babu rana da rediyon maƙwabci. Baba in ya dawo, kafin ya ci abinci, sai ya zuba ruwan kwalbar a gilashi ya rubuta a layin Juma'a. Na sha ganinta ta lulluɓa da buhu tana ratsa ciyawa cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, tana mita wai ta auri tela ta ƙare a aikin gwamnatin da babu albashi. Amma ko sau ɗaya ba ta fasa ba, har da tsohon ciki.

Ina 'yar shekara goma sha biyu ta rasu. Bayan an yi arba'in Baba ya miƙo min kwalbar. Ni yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Ya ce, "Uwata, ga aikin Innarki." Na yi Juma'a uku ko huɗu. Ta biyar aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi, na ce bari ruwan ya tsagaita, barci ya kwashe ni. Ta shida ban ma yi niyya ba. Zan so in ce baƙin ciki ne ya hana ni, ya fi daɗin faɗa, kuma wataƙila akwai shi a ciki. Amma abin da na tuna shi ne ɗumin bargo. Baba ya dawo ya duba bayan ƙofa, ya ga kwalba a bushe, ya dube ni, ya wuce. Bai yi faɗa ba, bai sake tambaya ba. Washegari ya auna ruwan kwana biyu ya rubuta a Asabar. Shekara ta zagayo na tafi makarantar kwana, kwalbar kuma ban san inda ta ƙare ba.

Sau biyu ke nan ina ɓata wa mutumin nan aiki, tsakani shekara goma sha wani abu, kuma a karo na biyu sunansa ake shirin kira da mai cike takarda daga ɗaki. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Na so in kira shi, babu hali. Sabis ba ya kaiwa ƙauyenmu. Sai ranar Juma'a in ya sauka gari, yanzu a kan acaɓa saboda gwiwa, yake kunna waya ya kira ni. Taro kuwa Talata ne.

Ranar Litinin da safe, bayan maigidana ya fita, Shaiɗan ya zo min da shawara mai tsabta. Ruwan Asabar ai na kwana biyu ne. In na raba shi, na ba Juma'a kaso na bar wa Asabar kaso, jimillar wata ba ta canza ba, na shekara ba ta canza ba. In ce wa Dakta kuskuren shigarwa ne na gyara, khalas, shi ke nan. Ba sai na tsaya gaban mutanen ƙasa huɗu ina ba da labarin bargo ba. Na buɗe kwamfuta na fara. Har ina da wayon kada in raba daidai wa daida, wata in ba Juma'a mai yawa, wata kaɗan. Kafin azahar na gama damina guda, jadawalin ya yi kyau ƙwarai, ya fi na gaskiya kyau.

Amma na kasa zama. Na ɗora shayi na manta da shi har ya ƙone. Na share baranda sau biyu. Na zauna na tashi, na buɗe firiji na rufe ban ɗauki komai ba. A ƙarshe na zari mayafi na kama hanyar Darrasa, wurin da ban cika zuwa ba saboda cunkoso.

Na samu maigidana inda na san zan same shi, a wani lungu na masu sayar da littattafai, yana jayayya da mai shago kan wane bugu ya fi inganci. Ya gan ni ya firgita, ya zaci wani abu ya faru a gida Najeriya. Na ja shi gefe kusa da mai sayar da ruwan rake na zayyana masa komai, har da rabon da na fara. Ya saurara yana shafa gemu, alamar darasi na tafe.

"Ni ban san ilminku ba," ya ce. "Amma a namu, mai ruwaya in ya ce na manta, ana karɓar sauran abin da ya kawo. In aka kama shi ya cike gurbi da kansa ko sau ɗaya, to har abin da ya faɗa daidai a baya ya zube."

"Malam, ni ba darasi na zo ɗauka ba."

"To me kika zo ɗauka tun daga Sabi' cikin ranar nan? Ruwan rake?"

Na harare shi. Ya saya min ruwan raken kuwa, na shanye a tsaye.

"Yanzu dai Baba bai yi ƙarya ba," ya ce a hankali. "In kika tura wancan, ya yi, kuma da hannunki."

Haushinsa na ji, don ba na son mutum ya fi ni gaskiya ina cikin fushi. Na ce yalla, taso mu tafi gida. Da muka shiga na buɗe kwamfuta na goge daminar da na ƙirƙira, na ɗauko waya na fara ɗaukar hoton shafukan Juma'a ɗaya bayan ɗaya.

Talata aka haɗu a ɗakin taro, mu a Alƙahira muna zaune, sauran a fuskar kwamfuta kowa cikin ɗan akwatinsa, muryar wannan tana yankewa, ta wancan tana amsa-kuwwa. Aka yi ta magana kan inda za a fara kafa na'urori da wanda zai riƙa share musu ƙura da kashin tsuntsu. Da aka zo kan tasharmu Dakta ta dube ni.

Na sa hoton shafin Baba, na nuna musu sifilinsa mai ɗigo, na nuna musu gajeren layin. Na ce sifilin Juma'a nawa ne, ba nasa ba. Na yi bayanin tafiyar awa uku, da kwalba, da rasuwar Inna. Na ce bayan ta an ba wata yarinya aikin ta yi watsi da shi, kuma yarinyar ni ce. Turancina ya harɗe, na ƙarasa da Larabci, Dakta tana fassarawa.

Sai wani Bahabashe mai furfura, wanda ban taɓa jin ya yi magana fiye da jimla biyu ba, ya ce a ba shi minti biyar, ya kashe kyamararsa. Da ya dawo yana ta shafa kai. Ya ce ya jera tashoshinsa uku bisa ranakun mako, biyu daga ciki Lahadi a bushe take, Litinin a kumbure. Masu awonsa coci suke sauka. Shekara huɗu yana aiki da alƙaluman nan bai lura ba. Wani ya fashe da dariya, sauran suka biyo, har Dakta ta murmusa.

Ba a cire tashar Baba ba. An yanke cewa jadawalin ne da laifin ƙin karɓar gurbi, za a ƙara masa alamar ba a duba ba da alamar ruwan da ya taru, kuma kowa ya koma ya bincika tashoshinsa. Ni kuwa na biya. Babin da nake taƙama da shi a kundina kan ruwa mafi ƙarfi na yini guda ne, irin mai zaftare ƙasa, kuma rabin manyan ranakuna Asabar ne. Dakta ta ce in sake shi daga tushe. Wata shida ya ƙaru min, har yau in na tuna raina yana sosuwa.

Laraba da Alhamis na yi su ne ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ranar Juma'a wajen la'asar ɗinmu ta yi ƙara. Ina jin hayaniyar kasuwa da ƙarar babura a bayansa.

"Uwata, ya Masar? Ya ruwanmu, malamai sun gama karantawa?"

Na ce sun karɓa, Baba, amma akwai magana. Na gaya masa abin da na yi wa layukansa.

"Sifili?" ya ce. "Ni na rubuta sifili a Juma'a?"

"A'a Baba, ni ce na mayar. An gyara yanzu."

"To."

Na ce kuma ina neman gafara kan kwalbar. Ban kai ga ƙarasawa ba ya katse ni.

"Yarinya ce ke, uwarki ta mutu," ya ce. "Ni da nake babba, da na so ai da na sa wani cikin maƙwabta. Ban so in dawo in tarar da hannun wani a wurin Innarki ba. Bar wannan." Ya yi gyaran murya. "A takardar tasu, wa aka rubuta shi ne mai awo?"

"Kai, Baba."

"Ni kaɗai?"

"E."

"To ba daidai ba ne. Juma'o'in farkon nan ba nawa ba ne. Ni zubawa kawai nake yi a gilashi, wadda ta fita cikin ruwan ita ce. Tunda gyara kuke yi, ku gyara duka. Mai acaɓa yana jira na, hadari ya haɗo."

Ranar Lahadi na shiga ofishin Dakta ba tare da an kira ni ba, na faɗa mata saƙon Baba. Takardar tasha layi ɗaya gare ta na sunan mai awo. Ta ce layin zai ɗauki biyu. Ta buɗe, ta ɗora yatsu a kan madannai, ta ce, "Sunanta?"

Na buɗe baki na tsaya. A gidanmu ɗa ba ya kiran sunan mahaifiyarsa, Inna ce kawai, tana raye da bayan ranta. Na san sunan, amma ban taɓa furta shi ba, ban kuma taɓa ganinsa a rubuce a ko'ina ba. Dakta tana jira, ba ta san abin da ya tsayar da ni ba. Na faɗa a hankali, ba ta ji ba, ta ce in ɗaga murya. Na sake faɗa, na bi mata shi harafi bayan harafi tana bugawa, hawaye na zuba min, har ta kai ƙarshe ta juyo da kwamfutar ta ce in duba ko daidai ne.

Daidai ne.